Tsingaron da Kakata ta Jefa a Akwatin Ƙuri'a

Kakata, wadda ta haifi uwata, ta rasu wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbi an ɗaure dammuna. Ina cikin aji a Tawa, inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, aka aiko mini. Na hau keke na kama hanyar Afala, ƙauyenmu, ban tsaya ko shan ruwa ba, na iske har an yi mata wanka. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta yadda tulunanta suka sanyaya wa mutane ruwa shekara da shekaru.

Kowa da abin da ya faɗa a wurin. Liman ya ce tsohuwa ta yi haƙuri da duniya, sai na ɗaga kai na dube shi, domin duk wanda ya san ta ya san ba ta yi ba. Wani mai fataucin albasa daga Bambeye ya ce randar da ta gina wa uwarsa tana nan daram, uwar ta rasu, rufin ɗakin ya faɗi, randar ko tsagewa ba ta yi ba. Maigari ya koma gefe yana jan carbi da sauri, idonsa na kan hanyar mota. Ƙawar Kaka kuwa, wata tsohuwar Buzuwa, ba ta yi kuka ba. Ta je ta zauna bakin rumbun Kaka, ta jingina bayanta da shi, ba ta amsa gaisuwar kowa.

Da masu haƙa kabari suka aiko a kawo itacen rufi, sai uwata ta ce ba a bukatar itace. Buzuwa ta tashi ta buɗe rumbu, mata suka fito da manyan fasassun tukwane cike da kwanduna. A wurinmu da itace ko da fasassun tukwane ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a zuba ƙasa, shi ya sa da farko ba wanda ya yi mamaki. Sai da dattawa suka ga zanen da ke jiki suka gane waɗanne tukwane ne. Ni na jera mata su da hannuna. Na fi kowa sanin su, don ina tsaye aka fasa su a kasuwar Tawa, kuma ban ce uffan ba. Abin da ya sa na zauna wannan rubutu ke nan.

Kaka maginiyar tukwane ce, ita ce babba cikin matan da ke haƙar yumɓu a ramin da ke gabas da ƙauyenmu, bakin fadama. Daga ramin nan uwayenmu suka ci suka sha, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Yumɓunsa baƙi ne mai danƙo, in ya ji wuta sai ya yi ja, kuma babu irinsa ko'ina kusa da mu. In Kaka za ta gwada tukunya, sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara kunne. Haka take yi wa mutane. Jika ya yi shirme, sai ta ƙwanƙwashe shi a ka ta ce, "Wanga bai toyu ba, a maida shi wuta." Ni na fi kowa shan ƙwanƙwasa. Angonta take kirana, irin na kaka da jika, tana cewa ta yi rashin sa'ar miji, ta sami wanda ya san sunan kogunan ƙasar Nasara amma bai iya ɗaure wa jaki kaya ba.

Ba mace mai sauƙi ba ce, kada in yi mata ƙarya don ta mutu. Matan ramin suna da al'adarsu. Kowace shekara, kafin a soma haƙa, sukan zauna a bakin rami su yanke abin da za a yi, wane gefe za a haƙa, wane za a bari ya huta, wa za ta fara toyi. Ƙarama ke fara magana, babba ta rufe, don kada yarinya ta ji bakin tsohuwa ta haɗiye nata. In aka rabu biyu, masu wannan ra'ayi su tsaya gabas da rami, masu wancan su tsaya yamma, a duba inda aka fi yawa. Kuma ba a aike. Wadda ba ta zo ba, ko uwarta ba ta magana a madadinta.

Shekarar da Buzuwar nan ta zo daga arewa, dabbobin mijinta sun ƙare, ta roƙi a bar ta ta haƙa, Kaka ce ta fi kowa ƙi. Ta ce baƙuwa ce, Hausarta ma a karkace take. Ta tsaya gabas ita da mata uku, sauran duk suka koma yamma. Wata guda ta yi ba ta gaida kowa. Amma ita ce ta kama hannun baƙuwar ta nuna mata inda yumɓu mai kyau yake, tana yi tana mita, wai tunda an yarda mata, ba za ta bari ta ɓata sunan rami da tukwanen banza ba. Daga nan suka zama aminai har mutuwa ta raba su.

Wata Alhamis, ranar da ba a lakwal, na zo gida da littafin tarihi ina shirya darasi a inuwar rumbu. Kaka tana kusa tana kwaɓa yumɓu, sai ta hango hoto a shafin.

"Mi na wanga, ango?"

"Tsingaro na, Kaka. Na wasu mutanen da, Girkawa aka ce musu."

Ta goge hannu, ta karɓi littafin a juye, ta kai shi kusa da ido.

"Gindin kasko na. Wanda yag gina shi ya iya, kauri nai daidai. To mi yak kai shi cikin takardar Nasara?"

Na ba ta labari yadda na karanta. Na ce a birninsu Atina, bayan sun rabu da sarakuna, 'yan gari ke taruwa a kan wani tudu, duk mai magana ya tashi ya yi, sannan a ɗaga hannu a ga inda aka fi yawa. Muƙamai da yawa ma ba nema ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa, wanda ta faɗa wa ya riƙe shekara guda ya sauka. Sau ɗaya a shekara kuma, in suka ga wani ya fara fin ƙarfin gari, kowa ya tsinci tsingaro ya karce sunan mutumin a jiki. Wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara goma. Ba a dukansa, ba a taɓa dukiyarsa, tafiya kawai zai yi.

"Ba su aika wani shi yi musu magana?"

"A'a, kowa da bakinai."

"To waɗanga sun yi hankali. Mata hwa?"

Na ce mata ba sa zuwa tudun, bayi ba sa zuwa, baƙo ma ko ya tsufa a garin ba ya zuwa. Ta yi tsaki ta miƙo mini littafina.

"Macce ta ɗauko ruwa, tulu shi hwashe mata, namiji shi tsinci tsingaron shi tahi yanke magana. Baƙo ko shi tsaya waje. Ashe su ma ba su toyu ba."

Na ce, "Kaka, wa at tsaye gabas ran da Buzuwa tar roƙi rami?"

Ludayi ta kai mini, na kauce.

"Ni an rinjaye ni, na bi. Su wa yar rinjaye su?" Ta koma kan yumɓunta, can ta ɗago. "Mu hwa, yanzu da Nasara yat tahi, wane iri muka yi?"

Na gyara zama, don a nan ne nake ganin na fi ta. Na ce ƙasarmu ba birni ɗaya ba ce, daga nan zuwa Yamai tafiyar kwanaki ce, babu tudun da zai ɗauke mu duka. Shi ya sa kowane yanki ke zaɓen mutum ɗaya ya je majalisa ya yi magana da sunansa. Na ƙara da cewa mun ma fi Girkawa, tunda yanzu mace tana da ƙuri'a, Buzuwa tana da ita, kowa ɗan ƙasa ne.

"In yat tahi da bakina yaf faɗi abin da ban ce ba?"

"Sai ki jira zaɓe, ki canza shi."

Ta ce to. Daga littafi na ɗauko maganar, kuma a lokacin na yarda da ita har zuciyata. Ban san ta adana ta ba.

Mutumin da aka tura Yamai da bakinmu ɗanta ne na shayarwa. Uwarsa maƙwabciyarmu ce, ta rasu wurin haihuwarsa, Kaka ta ɗauke shi ta haɗa shi da uwata a nono ɗaya. Yana rarrafe ya faɗa bakin matoya, inda ake toya tukwane, garwashi ya ƙone shi saman girar hagu, ya bar masa tabo mai lanƙwasa irin ta lauje. Ita ta yi jinyarsa, goye a bayanta take gini har ya warke. Da aka kama shi aka kai lakwal, da tukwanenta ta yi masa riga. Ya zama akawu a bariki, daga baya sunansa ya fito cikin jerin da jam'iyya ta aiko, ya zama dipite, ɗan majalisa. Kawu nake kiransa tun ina yaro. Na daina, kuma a nan ma ba zan kira shi haka ba.

Zuwansa na farko bayan ya hau, ya durƙusa a gabanta cikin babbar riga ya ce, "Inna, ni na bakinku Yamai."

Ta ce, "Bakina na nan, ɗana, haƙora ɗai sunka zube."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ta sa masa albarka, ta ba shi sabon tulu ya tafi da shi.

Ba a yi shekara biyu ba, wani rani, leburori suka zo da ƙaya a amalanke suka zagaye ramin yumɓu da fadamar da ke kusa da shi. Suna da takarda mai hatimi. Takardar ta ce fili ne da ba mai nomansa, saboda haka na gwamnati ne, kuma an ba dipite ya yi garkar mangwaro da albasa. Gaskiya ne, ba mai nomansa. Wanda ya rubuta bai tambayi mai haƙa ba, wanda ya sa aka rubuta kuwa a bakin ramin ya yi rarrafe. Mata suka je wurin maigari, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kaka ta hau jaki ta zo Tawa, ta zauna ƙofar gidan dipite tun safe har la'asar. Yana ciki, motarsa na tsakar gida. Mai gadi ya aiko mata da turmin atamfa, da saƙon cewa daga sama aka yanke. Ta warware atamfar, ta ƙulle ta a ƙarfen ƙofarsa, ta hau jakinta.

Akwai wani yumɓu bayan duwatsu, tafiyar rabin yini, amma yashi ya yi masa yawa, yana jin wuta yake tsagewa. Mata suka gwada suka gaji. Wasu suka koma saran itace suna kaiwa birni. Kaka tana da sauran tsohon yumɓu da ta ajiye, da shi ta yi gininta na ƙarshe, a hankali, ta ƙawata kowace tukunya da zane kamar ta amarya.

Sai zaɓe ya zagayo. Ana gobe za a yi, ta same ni da tsingaro a hannu ɗaya, ƙusa a ɗayan.

"Ango, rubuta min sunanai."

Na ce, "Kaka, wancan na mutanen da na. Yanzu takarda aka sawa. Kuma ni anka sa ga tebur gobe, in anka gane hannuna aikina ya tahi."

Na so ta ƙwanƙwashe ni, ba ta yi ba.

"To. Ashe karatun na Girkawa na, mu labari ɗai aka ba mu."

A rumfar ƙofar maigari aka ajiye akwati. Maza sun riga sun tara katunansu sun ba maigari, yana jefa wa kowa don su tafi aikinsu, haka ake yi a ƙauyukanmu, ba wanda yake ganin laifin haka. Ni ina tebur da alƙalami, kusa da ni wakilin jam'iyya. Sai ga Kaka da sandarta, ita kaɗai, riƙe da katinta. Ta dubi takardun da ke kan tebur, duk launi ɗaya.

"Ina takardar ƙi?"

Wakilin ya ce, "Tsohuwa, takarda guda ta."

"In guda ta, mi anka kira mu zaɓe?"

Ya yi dariya ya miƙa mata ambulan. Ta juya mana baya, ta yi 'yan dabarunta cikin zane, ta juyo ta danna ambulan ɗin a bakin akwati da ƙarfi har ya shige. Ya faɗi ciki, ƙwal. Kowa ya ji. Ta wuce ta gabana ba ta ko kalle ni ba.

Da la'asar aka buɗe akwati, dipite da kansa ya iso yana zagayen ƙauyuka. Wakilin ya yage ambulan ɗin nan mai nauyi, tsingaro ya faɗo kan tebur. Tunda ba ta iya rubutu ba, fuska ta karce: da'ira, ido biyu, da lauje saman na hagu. Ba wanda ya nemi a karanta masa. Ƙanen maigari ne ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin mai da ita tari, ta ƙi. Dipite ya kai hannu ya shafi girarsa bai sani ba, nan fa dariya ta fita har wajen rumfa. Ya ɗauki tsingaron ya jefa aljihu, ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, rubuta kowa ya yarda." Na rubuta.

Lahadin da ta biyo baya Kaka ta kawo tukwanen nan na ƙarshe kasuwar Tawa, ta jera su inda ta saba tun ban zo duniya ba. Na je gaishe ta, ina tsaye, sai ga jandarmomi biyu. Suka ce ta tare hanya. Ba su jira ta kwashe ba, suka sa gindin bindiga, ɗaya bayan ɗaya, tulu, randa, kasko, har 'yan ƙananan asusu. Kasuwa ta tsaya tana kallo. Motar dipite na ƙarƙashin itacen bedi, ba nisa, gilashi a sauke rabi, ina hango hularsa. Wannan mutum ya sha nonon matar da ke tsaye cikin fasassun tukwanenta, kuma ya zauna ya kalla har aka gama. Ni ma na tsaya na kalla, ban manta ba.

Ta durƙusa ta fara tsince su, manya da ƙanana, ba ta bar ko ɗaya ba. Na sunkuya zan taya ta, ta tare hannuna da nata.

"Bari, Mushe. Hannunka na rubutu na, kada shi ƙazanta."

Daga ranar ban sake jin ango a bakinta ba. Damina biyu ta ƙara a duniya, in na zo ta gaishe ni da ladabi, "Mushe, ka zo lahiya? Ina gajiya?", ta sa a kawo mini hura kamar baƙo. Da zagi ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ba ta sake gini ba. Hannuwanta da ba su taɓa zama ba suka kwanta a cinya, suka bushe, ita ma ta bi su. Wani lokaci nakan iske ta bakin rumbu tana ware fasassun tukwanen kashi biyu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Manya nawa na. Ƙanana nashi na."

Ban gane ba sai ranar sadakar uku. Da safe uwata ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ta ba ni tsingaro guda wanda ba komai a jikinsa, da ƙusar nan.

"Ta ce in ba angonta. Ta ce in ya iya."

Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Da hantsi dipite ya iso da mota biyu da buhunan shinkafa. Maigari ya shimfiɗa masa darduma kusa da liman. Bayan addu'a ya gyara murya ya fara jawabi, wai uwarsa ce, ita ta shayar da shi, wai ƙasa ta yi rashi. Har hawaye ya matso. Ina zaune ina duban tabon nan, a raina ina auna nisan da ke tsakanina da gatarin da ke jingine a zaure. Allah ya gani, na yi wannan tunani.

Mata ba sa fitowa wurin zaman maza a gidan mutuwa. Ranar sun fito. A jere suka zo, ƙarama a gaba, yadda ake yi a bakin rami. Kowace ta sunkuya ta ajiye tsingaro a gaban dardumarsa, ta wuce, ba sallama ba gaisuwa. Kowane tsingaro da fuska da lauje, wani a karkace, wani da ƙyar ake gane shi. Ashe cikin shekaru biyun nan Kaka ta bi su ɗaya ɗaya ta ba kowace nata, kuma ta ƙi karce wa kowa, ta ce ba a aike. Tsibi ya yi ta tashi, ba ka jin komai sai ƙarar tsingaro kan tsingaro.

Liman ya ce, "Mata, ku ji tsoron Allah, wurin mutuwa na."

Buzuwa ta ajiye nata, ta miƙe da ƙyar, ta ce, "Liman, wasiyya ta."

Uwata ta jira sai da duk suka gama, ita ce ta ƙarshe. Ya ɗago ya ce mata, "Haba, ɗiyar Inna, har ke?"

Ta ce, "Nonon da munka sha, ita tab ba ka, ba ni iya amshe shi. Wanga ko nawa na." Ta ajiye.

Ya dubi maza hagu da dama, ba wanda ya haɗa ido da shi. Sai ya yi 'yar dariya, ya taɓa tsibin da bakin takalmi.

"Wasan mata na. Wa ka gane mi wanga zane ka nuhi?"

Nan na tashi. Na tsuguna a gabansa, na ɗora tsingarona a gwiwa, na karce sunansa da ƙusar Kaka, harafi harafi, cikin bokon da ni da shi muka koya a lakwal ɗaya. Na ɗora shi saman tsibin, na juya rubutun ya fuskance shi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ga wanda aka karantawa. Masu wanga al'ada shekara goma suka ba mutum. Mu ba mu yanke ba tukuna."

Ya karanta, na ga leɓɓansa sun motsa. Ya tashi ya nemi takalminsa ɗaya ya rasa, wani ya turo masa da ƙafa. Ba wanda ya raka shi mota, har maigari. Shinkafarsa tana nan a zauren maigari, ba wadda ta yarda ta dafa, ƙwari ne ke cin ta.

Ran sadakar bakwai mata suka je suka zauna a wajen shinge, tunda ba su da hanyar bakin rami. Ƙarama ta fara, Buzuwa ta rufe. Da aka ce a tsaya a kan maganar cire shinge, ba ko ɗaya a gabas, gefen masu ƙi. Suka sa maƙata suka janye ƙayar nan kaf, suka tara ta a matoya, suka shiga suka haƙa. Da tukwane suka bushe, da shingensa aka toya su. Ba su taɓa masa ko ganyen mangwaro ba. Awaki ne suka taɓa, su kuwa ba a yi shawara da su ba.

Jandarmomi suka zo da mota ɗaya. Babbansu ya tara matan ya ce, "Wacce ta babbarku? Wa ka magana da sunanku?"

Buzuwa ta nuna masa hanyar makabarta ta ce babbarsu tana can, in zai iya ya tafi da ita. Ya ce to wa ta cire shinge? Wata amarya da ba ta fi wata uku da aure ba ta ce, "Ni ta." Ta kusa da ita ta ce ita ce. Haka suka bi layi har ƙarshe, kowace da bakinta. Ya dubi motarsa, ya dubi matan da goyonsu, ya rubuta wani abu a takarda, suka tafi. Ko za su dawo da motoci da yawa, ban sani ba. Yau dai ana haƙa.

Ni kaɗai ne mai suna a takardar gwamnati, don haka ni aka samu. An aiko mini wasiƙa, an mai da ni wata lakwal can arewa mai nisa, inda babbar mota ke zuwa sau ɗaya a wata. Lahadi zan tafi. Aikin da na ɓoye hannuna saboda shi ne ya kai ni can, kuma da na rubuta mata tun ranar da ta roƙe ni, da na tafi tana kirana ango. Wannan tsakanina da ita ne, zan ɗauke shi har in same ta.

Har yanzu ina koya wa yara cewa ƙasa mai faɗi ba ta taruwa a kan tudu ɗaya, dole a aiki wani, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Amma yanzu nakan ƙara musu tambayar Kaka, in ce su duba tebur tukuna, su ga ko akwai takardar ƙi.

Jiya liman ya kira ni gefe ya ce in yafe kafin in yi tafiya, mutum bai san ranarsa ba. Na ce na ji, Malam. Ban yafe ba. Na je matoya, uwata ta miƙo mini tulu daga toyin farko, na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa na kara kunne, ya amsa da kyau. Shi zan ɗaura a saman mota.

Allah ya gafarta wa Kaka kaifin bakinta, ya saka mata da kowane maƙogwaro da ta jiƙa, ya haskaka ramin da muka rufe da aikin hannunta. Shi kuwa ina roƙon Allah ya ba shi tsawon rai. Domin a zaman nan na wajen shinge matan sun yanke magana ta biyu, ita ma ba ko ɗaya a gabas: babu tulu, babu randa, babu kasko daga raminmu da zai sake shiga gidansa, ko da saye ko da kyauta. Ya sha ruwan ɗumi a gwangwani har ya tsufa. Ranar da za a haƙa nasa kuma, su nemi itace.